Yadda Ake Rubuta Bahasin Tarihi, Aƙida da Fasaha: Jagora ga Ɗalibanmu na Madina da Makka

Idan zangon karatu ya kai mako na biyar, ɗakunan 'yan ƙasarmu a sakan, wato masaukin ɗalibai, sukan sauya kama. Hirar bayan Isha'i ta ragu, shayi ya huce a kofi, kowa ya duƙufa a kan kwamfuta. Lokacin bahasi ne ya zo, wato rubutun bincike da malami ke ba ɗalibi. Wanda bai daɗe da fitowa daga ma'ahadin koyon Larabci ba yakan wayi gari da aiki uku a wuyansa: malamin tarihi yana jiran shafi goma sha biyar, malamin aƙida yana jiran nasa, ga darasin hadara, wato wayewar Musulunci, inda aka ce ya zaɓi wani gini ko wani rubutun hannu ya yi masa sharhi. 'Yan'uwanmu mata da ke jami'ar Ummul Ƙura, da 'ya'yan Hausawan unguwar Shari'u Mansur ta Makka da aka haifa a nan, su ma suna cin karo da irin wannan, wasunsu ma darasin nasu sunansa tazawwuƙul fanni kai tsaye, wato koyon kallon fasaha da yi mata sharhi.

Bahasina na farko ya wuce shafi ashirin, cike da maganganun manyan malamai, kowace da lambar shafinta. Malamin ya dawo mini da shi, ya tambaye ni wace tambaya ce na amsa a ciki. Na rasa abin cewa. A zaure an horar da mu kan biya karatu da riƙe lafazin malam yadda ya faɗa, kuma tarbiyya ce mai daraja, ita ta ba mu haddar da ake yaba mana a nan. Sai dai jami'a tana neman ƙari a kan haka. Bahasi tambaya ce guda ɗaya da amsarta, tare da hujjar da kai da kanka ka buɗe littafi ka gani, ko ka taka ka je ka tsaya a gabanta. Duk matakan da ke tafe wannan suke yi wa hidima.

Mataki na farko: fahimci abin da aka nema

Ka karanta umarnin malamin sau biyu, ka ja layi ƙarƙashin fi'ilin da ya yi amfani da shi. Idan ya ce ƙarin, wato "kwatanta" da Larabci, abu biyu zai so ka jera ka nuna inda suka haɗu da inda suka rabu. Idan ya ce naƙish, yana son ya ji ɓangarorin magana sannan ya ji matsayarka. Hallil kuwa warware abu ake nufi, a ga yadda sassansa suke aiki. Ka rubuta adadin shafi, ranar miƙawa da tsarin hamishin, wato bayanin madogara na ƙasan shafi, da sashenku ke bi. Abin da bai fito maka ba, je ka same shi a ofis a sa'o'in da ya ware wa ɗalibai. Kunyar da muka taso da ita gaban malami tana da muhallinta, amma tambaya cikin ladabi ba ta taɓa rage wa ɗalibi daraja a idon Dakta ba.

Mataki na biyu: matse maudu'in ya zama tambaya

A nan ne mafi yawanmu ke ɓata. Ɗalibi ya ce zai rubuta a kan tarihin Hajji daga Afirka ta Yamma. Wannan aikin rayuwar mutum ne, ba na shafi goma sha biyar ba. Ka matse shi ta fuska uku: wuri, zamani da matsala. Maimakon Afirka ta Yamma duka, ɗauki ƙasar Hausa. Maimakon ƙarni goma, ɗauki shekarun 1903 zuwa 1925. Sai matsalar: me ya sa da yawa daga alhazan ƙasa suka yada zango a Sudan ba su ƙarasa ba, ko suka ƙarasa amma ba su koma gida ba? Yanzu kana da abin bi. Akwai faɗuwar Sakkwato hannun Turawan Ingila a watan Maris na 1903, da hijirar Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya zuwa gabas har aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na shekarar. Akwai ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno da ya ci gaba da sauran jama'a har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Akwai kuma madatsar ruwan Sinnar da aka gama a 1925, wadda ta buɗe noman auduga a Jazira, aikin da ya riƙe matafiya masu neman guzuri. Ka ga dalilin addini, na siyasa da na neman abinci sun haɗu a wuri ɗaya, aikinka shi ne ka auna nauyin kowanne.

Haka aƙida. Imani ba maudu'in bahasi ba ne, teku ne. Amma tambayar ko saɓanin da ke tsakanin malaman hadisi da malaman Hanafiyya game da shigar aiki cikin sunan imani na lafazi ne ko na haƙiƙa, wannan ana iya gama ta cikin wata guda. A fasaha ma, kada ka ce ginin Musulunci a Madina. Ka ce: yaya ginin Sarkin Usmaniyya Abdulmajid ya bambanta da faɗaɗawar Sarki Fahad wajen shigo da haske da iska cikin Masallacin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam?

Ka gwada faɗa wa abokin ɗakinka tambayar da Hausa, a numfashi ɗaya. Idan sai ka yi ta kewaye-kewaye kafin ya gane, ba ta nuna ba tukuna. Idan kuma ka ji "da kuma" ta shigo sau biyu, tambaya biyu ce ka haɗa, taura biyu kuwa ba ta taunuwa.

Mataki na uku: khuɗɗa, wato tsarin bahasin

Tsarin da jami'o'in nan suka saba da shi sananne ne: muƙaddima, tamhidi wato shimfiɗa, sai mabahis wato manyan sassa da maɗalib wato ƙananan sassa a ƙarƙashinsu, sai khatima wato rufewa da fihirisa wato jerin madogara. Ga ƙaramin bahasi, mabhasi biyu ko uku sun isa. Abin lura shi ne kowane mabhasi ya zama taki ɗaya zuwa ga amsar. Wanda ka ga za a iya cire shi amsar ba ta girgiza ba, cire shi. Tamhidi kuma kada ya cinye aikin. Na sha ganin bahasi mai shafi goma sha biyu wanda shafi biyar ɗinsa ma'anar kalma ce a lugga da isɗilahi. Ka kai wa malamin khuɗɗar a takarda ɗaya kafin ka rubuta komai. Minti goma a ofishinsa za su hutar da kai rubutun mako biyu da za a soke.

Mataki na huɗu: nemo madogara

Ka bambance masdari da marji'i tun daga farko. Masdari shi ne na kusa da abin: wanda ya gani, ko ya ji daga wanda ya gani, ko mai maganar da kansa. Marji'i shi ne wanda ya zo daga baya ya yi nazari. A tarihin jihadin Shehu Usmanu, Infaƙul Maisur na Muhammadu Bello da Tazyinul Waraƙat na Abdullahin Gwandu masdari ne, domin da su aka yi. A tarihin Madina, littafin Ibn Shabba da Wafa'ul Wafa na Samhudi, wanda ya rasu a 911 bayan Hijira, su ake fara buɗewa. Marji'i na zamani kuwa amfaninsa shi ne ya nuna maka hanya: duba haminshinsa ka ga inda ya ɗebo, ka bi sawu.

Wuraren nema ba su yi ƙaranci ba. Akwai maktabar jami'arku, da maktabar da ke cikin Masallacin Annabi, da cibiyar maktabobin waƙafi ta Sarki Abdul'aziz a Madina inda aka tara tsofaffin rubuce-rubucen hannu irin na maktabar Arif Hikmat. Da lambarka ta ɗalibi kana iya shiga Maktabar Dijital ta Saudiyya, ka sami risalolin majistir da daktora da maƙalolin mujallu ta rumbun bayanai na Darul Manzuma. Maktaba Shamila, manhajar da ta tara dubban littattafan Larabci, ni'ima ce babba, amma kafin ka ɗauki lambar shafi daga cikinta, buɗe katin littafin ka duba ko an rubuta cewa lambobin sun yi daidai da bugun takarda. Idan an ce na'ura ce ta jera su, nemi hoton bugun ka tabbatar da idonka.

Ga wani abu da ya shafe mu mu kaɗai. Sunayen ƙasarmu ba su da rubutu ɗaya a Larabci. Sakkwato wani ya rubuta ta da sadi, wani da sinun, wani ya cika ta da wawi. Kano tana zuwa da alif, tana zuwa babu. Shehu kuma wani ya ce Ibn Fudi, wani ya ce Dan Fudiyu. Mutanenmu a littattafan Hijaz sukan ɓoye ƙarƙashin sunan Takrur ko Takarina, a na Sudan kuma Fallata. Idan ka nema da siga ɗaya ka ga babu, kada ka yanke cewa ba a rubuta komai ba, sauya siga.

Duk abin da ka ɗauko, ka ajiye shi tare da sunan marubuci, littafi, muhaƙƙiƙi wato wanda ya tace shi don bugawa, maɗaba'a, bugu na nawa, shekara, juzu'i da shafi, a take. Ka sa alama ta daban ga lafazin marubuci, wata alamar ga taƙaitawarka, wata kuma ga ra'ayinka. Bayan mako uku ba za ka iya tuna wanne ne wanne ba, kuma ta wannan ƙofar satar ilimi ke shigo wa mutumin da bai yi niyya ba.

Mataki na biyar: auna hujja gwargwadon fanni

Kowane fanni da irin tambayar da yake yi wa hujja, shi ya sa zan daɗe a nan.

Tarihi. Kasancewar labari cikin babban littafi ba ya nufin ya tabbata. Imam Ɗabari, wanda ya rasu a 310 bayan Hijira, ya faɗa a farkon tarihinsa cewa shi yana kawo abin da aka ruwaito masa ne da isnadi, kuma abin da mai karatu ya ga ya ƙi shiga hankali, daga masu ruwayar ya fito. Saboda haka idan ka rubuta "Ɗabari ya ce", ka yi masa rashin adalci. Duba isnadin. Idan ta hanyar Abu Mikhnaf labarin ya zo, ko Saif bn Umar, ko Waƙidi, sai ka faɗi haka, ka kawo abin da malaman jarhu da ta'adili, wato masu tantance amincin masu ruwaya, suka ce a kansu, musamman a kan abubuwan da suka faru tsakanin Sahabbai, Allah Ya yarda da su.

Bayan isnadi sai hankali. Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377 Miladiyya, ya ɗauki maganar da masu tarihi irin su Mas'udi suka kawo cewa mayaƙan Banu Isra'ila a zamanin Annabi Musa, alaihis salam, sun kai 600,000. Bai tsaya kan wa ya faɗa ba. Ya tambaya: wane fili ne zai ɗauki wannan runduna a sahun yaƙi? Ya tuna cewa Farisa da girman daularta, taron da ta haɗa a yaƙin Ƙadisiyya 120,000 ne. Ya kuma lissafa iyayen da ke tsakanin Annabi Musa da Annabi Yaƙub ya ga ba su kai yawan da zuriya za ta yaɗu haka ba. Irin wannan awon ake so ka koya. Duk adadin da ka gani, na runduna ne ko na zinariya ko na mamata, ka tambayi kanka wa ya ƙirga, kuma da me.

Sannan ka tambayi inda mai ba da labarin yake tsaye. Mafi yawan abin da ake faɗa kan Hajjin Mansa Musa na 1324 da yadda zinariyarsa ta karya farashi a Alƙahira daga masanin tarihi Ibn Fadlullah al-Umari aka samo shi, shi kuwa ya tattara labarin ne daga bakin mutanen birnin bayan shekara goma sha biyu. Shaida ce mai ƙarfi, amma ta wanda ya ji, ba wanda ya gani ba, kuma ya kamata mai karatunka ya san haka. Rahoton jami'in Turawa a kan Burmi da waƙar da mabiyan Attahiru suka bari duk shaida ne, kowanne da abin da yake so a gani da abin da ya yi shiru a kai. Idan za ka yi hira da dattawan Hausawan Makka kan yadda kakanninsu suka iso ta Sawakin zuwa Jidda, ka nemi izininsu, ka rubuta rana da wurin hirar, ka kuma gwada abin da suka faɗa da abin da ke rubuce.

Ka kula da shekaru. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11. Lissafin gaggawa shi ne ka raba shekarar Hijira da 33, ka cire abin da ya fito daga cikinta, ka ƙara 622. Amma kusantarwa ce kawai. Faɗuwar Sakkwato da yaƙin Burmi duk a 1903 suka auku, alhali na farko a Zulhajjin 1320 ne, na biyu a 1321. Idan kana da wata da rana, yi amfani da manhajar sauya kwanan wata.

Aƙida. Ka'idar farko ita ce tahriru mahallin niza'i: ka fitar da abin da aka yi ittifaƙi a kai gefe guda, domin a ga ainihin wurin da aka rabu. A mas'alar imani, malaman hadisi sun ce furuci ne da aiki, yana ƙaruwa yana raguwa, kuma wannan ne ka haddace tun a gida a muƙaddimar Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 386 bayan Hijira. Imam Ɗahawi kuwa a matanin aƙidarsa ya ce iƙirari ne da harshe da gaskatawa da zuciya. Ɓangarorin biyu sun haɗu a kan cewa aiki wajibi ne, kuma mai babban zunubi bai fita daga Musulunci ba, yana ƙarƙashin mashi'ar Allah. Wannan ne ya raba su da Khawarij masu kafirta shi, da Mu'utazila masu ajiye shi a matsayi tsakanin matsayi biyu. Ibn Abil Izz, mai sharhin Ɗahawiyya, ya karkata ga cewa saɓanin na sura ne, wato na zahiri kawai, wasu malamai kuma sun ga yana da tasiri a wasu rassa. Idan ka shimfiɗa wannan taswira, sai ka san inda za ka zuba ƙarfinka.

Ka'ida ta biyu: maganar kowace ƙungiya a ɗauko ta daga littafinta. Idan kana bayanin mazhabar Mu'utazila, je ga littattafan Alƙali Abduljabbar da almajiransa. Idan ta Asha'ira ce, je ga nasu, kuma Ummul Barahin ta Sanusi da ake karantarwa a zaurukanmu tana cikinsu. Littattafan maƙalat, masu tattara ra'ayoyin ƙungiyoyi, irin na Abul Hasan Ash'ari da Shahrastani suna taimakawa wajen ganin fili gaba ɗaya, amma ba su ɗauke maka komawa ga mai magana ba. Ka kawo hujjarsa mafi ƙarfi yadda shi da kansa zai yarda cewa haka ya faɗa, sannan ka yi raddi. Abin da kake ganin maganarsa ke lazimtawa, kada ka jingina masa a matsayin abin da ya faɗa. Ina jaddada wannan ne saboda da yawanmu mun zo da zafin rigingimun da muka baro a gida, inda ake cin nasarar muhawara da ɗaga murya. A takarda murya ba ta ɗaguwa. Zagi da laƙabi suna zubar da maki, kuma sun saɓa wa adalcin da Alƙur'ani ya wajabta ko ga wanda ake ƙi.

Ayoyi a kawo su da rasmin Usmani, da sunan sura da lambar aya. Akwai manhajar Mus'hafin Madina da aka yi domin haka. Hadisi kuma sai da takhriji, wato nuna littafin da ya fito. Idan yana cikin Bukhari ko Muslim, ambaton kitabi, babi da lamba ya wadatar. Idan a wajensu yake, kawo wanda ya fitar da shi da hukuncin malaman fannin. Shafin Durarus Saniyya zai nuna maka hanya cikin sauri, amma ka koma littafin ka gani kafin ka rubuta.

Fasaha. Wannan ne ɗalibanmu suka fi rainawa, shi ne kuma suka fi faɗuwa a ciki, domin suna cika takarda da "kyakkyawa" da "mai ban mamaki" ba tare da sun kalli abin ba. Gani ya kori ji, kuma Allah Ya sa kana zaune a garin da abin kallon yake. Ɗauki littafin rubutu ka je ka zauna a gabansa rabin awa. Matakai huɗu ne littattafan darasin ke koyarwa: siffantawa, warwarewa, fassarawa, sai hukunci.

Mu ɗauki tsohon sashen Masallacin Annabi, ginin Abdulmajid da aka yi tsakanin 1849 da 1861. Siffantawa ita ce ka faɗi abin da ido ya gani kawai: ginshiƙan jan dutse, ƙananan ƙubbobi a jere da zanen ganye da furanni a cikinsu, da layukan khaɗɗin sulusi, wani salon rubutun Larabci na ado, a bangon alƙibla, aikin Abdullahi Zuhdi. Warwarewa ita ce yadda suke aiki tare: ina haske ke shigowa, yaya maimaituwar ginshiƙi da baka ke jan ido gaba, yaya girman harafi ya dace da nisan mai kallo. Sai ka fita zuwa faɗaɗawar Sarki Fahad ka ga ƙubbobi 27 masu zamewa su buɗe sama, ka ga laimomi 250 na harabar waje da aka ƙara daga baya zamanin Sarki Abdullahi. Matsala ɗaya ce, wato zafi da cunkoso, zamani biyu suka amsa ta da kayan aikinsu. Fassarawa ita ce me ya sa aka yi haka, kuma a nan tarihi ke shigowa. Ƙubbar da ke kan ɗakin Annabi an fara ɗora ta a 1279 Miladiyya zamanin Sarkin Misra Ƙalawun, wadda ake gani yau ginin Sarkin Usmaniyya Mahmud na biyu ce na 1818, kuma sai a 1837 aka shafa mata kore. Hukunci yana zuwa a ƙarshe, da dalili: ko aikin ya cika manufarsa, kuma ta yaya. Idan akwai maganar malamai kan halacci ko rashin halaccin wani ado, ka ware mata wurinta da hujjojinta, kada ta maye gurbin kallon da aka ce ka yi.

Shawarata ita ce ka yi amfani da idon da ka zo da shi daga gida, domin abokan karatunka ba su da shi. Ajiye Mus'hafin Madina, khaɗɗin naskhi na Usman Ɗaha, shafi 604, layi 15, kowane shafi yana ƙarewa da ƙarshen aya. Kusa da shi ajiye Alƙur'ani bugun hannu na ƙasarmu, ruwayar Warshu, warƙa-warƙa cikin gafaka, baƙin tawada mai kauri, wasali ja, fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, ga zayyana a wuraren hizifi. Na farkon ya gaji ma'aunin da Ibn Muƙla, wanda ya rasu a 328 bayan Hijira, ya kafa, inda ake auna harafi da ɗigon alƙalami da tsawon alif. Na biyun ya biyo reshen Magrib ne ya yi kamanninsa a Borno da Kano. Kwatanta su bahasi ne cikakke. Haka ginin ƙasa na unguwar Ɗuraif a Dir'iyya, wadda UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2010, idan aka jera shi da Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina. Ko adon bango na Ƙaɗɗul Asiri da matan Asir ke yi a cikin ɗakuna, a gefen zanen dagi na fuskar gidajen Kano da Zariya. Duk hoton da ka sa, ka ba shi lamba, ka faɗi wanda ya ɗauka da wurin, ka kuma kiyaye dokar wurin game da ɗaukar hoto.

Mataki na shida: rubutu

Fara da mabhasin da ya fi kwanta maka, ba da muƙaddima ba. Kowane sakin layi ya buɗe da maganarka, hujja ta biyo, sannan ka faɗi abin da hujjar ta nuna. Naƙali uku a jere babu kalmarka a tsakani alama ce ta cewa ka koma biya karatu. Idan naƙalin ya wuce layi huɗu ko biyar, tambayi kanka ko lafazin ake buƙata ko ma'anar, idan ma'anar ce taƙaita ta da bakinka ka sa "yunzar", wato "a duba", a hamishi.

Larabcinka ya zama mai sauƙi. Saja'i da kalmomin ƙamus ba sa ƙara maki. Kurakuranmu sanannu ne: harshenmu yana haɗa sa, sinun da sadi wuri ɗaya, haka zal, zayi da za mai hannu, sai abin ya biyo mu har takarda. Ga adadi da ma'adudi, ga hamzar wasali da ta ƙaɗa'i, ga namiji da mace, domin kalmar da take mace a Hausa tana iya zama namiji a Larabci, kamar rana da ake ce wa "yaum", da misalai irinta da yawa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ka ba wani wanda ya fi ka nahawu ya karanta da jan alƙalami, kai ma ka karanta da ƙarfi ka ji inda harshe ke tuntuɓe.

Dole in yi magana kan gajeruwar hanya. Akwai shagunan hidimar ɗalibai da ke sayar da bahasi a shirye, akwai kuma ChatGPT da 'yan'uwansa. Na'urar tana iya gyara maka jimla ko ta nuna maka inda tsarinka ya karkace, idan dokar sashenku ta yarda. Amma tana ƙirƙiro sunan littafi da lambar shafi da babu su, tana jingina wa malami maganar da bai yi ba, cikin Larabci mai santsi. A aƙida da hadisi wannan ya wuce batun maki, ƙarya ce ake yi wa malamai, wataƙila har ga Manzon Allah. Mu da za mu koma gida a ɗora mu kan mumbari, ban ga yadda za mu ɗauki wannan da sauƙi ba.

Mataki na bakwai: rufewa da miƙawa

Yanzu ne za ka rubuta muƙaddima, tunda ka san abin da ka gano: muhimmancin maudu'in, dalilin zaɓensa, tambayar, waɗanda suka riga ka rubutu a kai da abin da ka ƙara, manhajin da ka bi, sai khuɗɗa. Khatima ta zama sakamako ne a taƙaice, kowanne yana da mazauni a cikin bahasin, ba sabon zance ba, ba wa'azi ba. Jera madogara bisa haruffa yadda sashenku ya tsara, ka tabbatar duk littafin da ke hamishi yana fihirisa, duk wanda ke fihirisa kuma ka buɗe shi da hannunka.

Ka bar aikin ya kwana biyu, sannan ka zaɓi hamishi biyar ba tare da tsari ba ka koma littattafan ka duba. Idan ɗaya ya saɓa, sai ka bi sauran duka. Kafin ka tura, mayar da fayil ɗin zuwa PDF ka buɗe shi a wata na'ura daban, domin ayoyin da aka sa da rasmin Usmani sukan rikiɗe su zama akwatuna a kwamfutar da ba ta da irin haruffan. Ka ajiye kwafi a imel ɗinka, ka miƙa kwana ɗaya kafin wa'adi, domin daren ƙarshe ne shafin jami'a ke cika da masu turawa.